Wuƙaƙen Aro na Kawu Ovide

Kawu Ovide Chaboyer bai gaji ƙira ba. Walda yake yi a garejin bakin tafkin Manitoba, yana liƙe motocin da masunta ke hawa ƙanƙara da su in tafkin ya daskare, har furfura ta cim masa. Mutum ne mai yawan shiru. Sau da yawa za ka same shi tsaye ya zuba wa tafki ido, ƙarfe na hucewa a hannunsa. In ka tambaye shi, sai ya ce kwalekwalen fataken fatu yake hangowa cikin hazo, irin waɗanda kakanninmu suka tuƙa.

Matarsa, Goggo Eulalie, tana da wata wuƙa da ta gada daga kakarta, irin wadda fataken suke bayarwa a ba su fatar dabba. Wasawa ta cinye ta har ta koma kamar ganyen ciyawa. Ranar da ta karye a ƙashin kifi, Goggo ba ta yi kuka ba, amma tukunya ba ta hau wuta ba a gidan.

Kawu ya gina 'yar maƙera a bayan gareji, ya kama ƙera mata wata. Ta farko ta fito da kauri, tana sheƙi.

"Wannan ai ta 'yan gayu ce," in ji Goggo. "Kifi zan fafe ko gungume zan sara?"

Ya koma. Ya je gidan ajiye kayan tarihi a birnin Winnipeg, ya wuni gaban gilashi yana kallon tsofaffin wuƙaƙen da aka tsamo a ƙasan kogi. Can ya gane kayan araha ne: ƙarfe siriri, ƙota ta jan itace, 'yan ƙusoshi, shi ke nan. Da ya ƙera irinta, Goggo ta wasa ta a gindin kofin tangaran, ta gwada a kifi, ta ce, "To, tsoho, ka fara hankali."

Labari ya kai ga wasu mutane da ke taruwa da bazara, su sa rigunan fata da gemun aro, su kafa tanti, su kwaikwayi zaman mutanen da. Suka riƙa zuwa saye. Sai dai ba sa son sabuwa, sun fi son wadda ta nuna ta sha duniya. Wasu maƙeran a ruwan tsami suke tsoma nasu su yi baƙi. Kawu ya gwada, ya ce tsufan ƙarya ne, ko makaho zai gane.

Daga nan ya ɓullo da dabararsa. Da sanyi ya kama, sai ya bi gida-gida yana ba mu matan gari aron sababbin wuƙaƙe. Ni ma ina cikinsu. Mu fafe kifi, mu feɗe gafiyar ruwa, mu yanka gurasa, maiƙo ya shiga ƙota, ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi kamar sararin yamma. In ƙanƙara ta narke sai ya zo ya karɓa don ya sayar wa masu tantin nan, ya bar mana sababbi.

Yakan zauna a kicin ɗina yana jujjuya wuƙar kusa da taga, shayinsa na sanyi.

"'Yata, kin karɓi baƙi da yawa bana," ya ce min wata shekara. "Ga shi ta rame ta tsakiya."

Gaskiya ne kuwa, a shekarar aka yi bikin ɗana.

Goggo Philomène, tsohuwar da ke ƙarshen layi, ita ce ta gagare shi.

"Ovide, ba ka da kunya. Sai na raine ta ta san hannuna, sannan ka zo ka aurar da ita ga wani mai gemun aro?"

"Yaya, ga sabuwa na kawo miki."

"Ka kai wa mai gemun, shi ma ya koyi aiki."

Ya yi dariya ya bar mata. Daga baya duk shekara sai ya leƙa ya gaishe ta, ya ce a fito masa da 'yar tasa ya gan ta.

A hunturunsa na ƙarshe ƙarfinsa ya ragu, amma sai da ya raba mana kamar kullum. Ya rasu ƙanƙarar tafki ba ta narke ba tukuna, yana zaune a kujerarsa ta maƙera, wuta ta kusa mutuwa.

Ranar jana'iza muka taru a kicin ɗin coci don dafa wa jama'a. Kowace mace ta kwance ƙyallenta, sai ga wuƙaƙensa jere a kan tebur, kowace da irin ramewarta. Ta taga ana ganin tururi na tashi a kan ƙanƙara, wani yana gwada gogensa a zauren cocin.

Goggo Eulalie ta share ido da bayan hannu ta ce, "Kowa ta riƙe tata. Ku yanka albasar nan, mutane na jira."