Yashin Gyaɗar Inna Tumba

Ni tun ina ƙarama ba ni da haƙurin tatsuniya. Ban taɓa zama na ji guda ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Da zarar na hango inda labari ya dosa, sai in kakkaɓe zanina in miƙe. Wannan halin ne ya kusa sa na kashe kunkurun kakata, ita ma ta kusa bin bayansa.

A Bilbis na tashi, a hannun Inna Tumba, wadda ta haifi mahaifiyata. Sana'arta suyar gyaɗa. Da la'asar sakaliya take ɗora wani faffaɗan kasko, ta zuba yashi ya ɗauki zafi, sannan ta zuba gyaɗa tana juyawa da sakaina. Kafin a kira magariba ta tankaɗe gyaɗarta da rariya, yashin kuma ta juye shi a wani tsohon daro da ke kusurwar ɗakinta. Ni a ganina ajiya ce kawai, don gobe a sake suya da shi. In an yi salla an ci tuwo, mu jikokinta sai mu kewaye ragowar wutar murhun, kowa ta damƙa masa ƙonanniyar gyaɗar da ba za ta sayu ba.

Kunkurun kuwa sunansa Maigida. Kakana ne ya tsinto shi a gona shekarar da aka yi auren Mama, bai fi tafin hannu ba. Da kakan ya rasu, sai Inna ta gadar wa kunkurun sunan. Takan ce, "Shi ɗai na namijin da bai taɓa ɗaga min murya ba." A sanina ya kai girman babban akushi. Da rani yana da raminsa a gindin rumbu. Da damina in ruwa ya cika ramin, Inna takan shigar da shi ɗakinta. Inda yake kwana a ɗakin kuwa, ban taɓa tambaya ba. Me ya dame ni?

Inna tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga wata tsohuwa can tahe da sandarta."

Mu amsa, "Ta ƙaraso mu shimfiɗa mata tabarma!"

Akwai guda ɗaya da ba ta yin ta sai lokacin marka, in an jera kwanaki ana yayyafi rana ba ta leƙo ba. Wai wata shekara sanyin marka ya ishi namun daji, sai suka tafi gidan Wuta roƙon ɗumi. Wuta ta ce kowa ya ɗauki abin da idonsa ya gani. Kura ce ta fara isa, ta wawuri harshen wutar ta yafa a baya, ta ƙone, shi ne dabbare-dabbaren jikinta har yau. Biri ya kwashi garwashi, don rowa ya zauna a kai kar a gani. A nan muke faɗuwa da dariya, don kowa ya san yadda mazaunin biri yake. Hankaka ya zo ya yi wanka da hayaƙi, ya koma baƙi ƙirin sai ɗan ƙirjinsa da ya kare da fiffike.

Duk wannan bidiri Kunkuru yana hanya. To a nan Inna take kashe ni. Sai ta bi shi taki ɗaya-ɗaya. Ya hau wannan dutse, ya sauka. Ya kewaye wancan kududdufi. Ya tsaya gaida tururuwa, ya tambayi lafiyar 'ya'yanta.

"Inna, ki kai shi mana!"

"Ke Uwar-sauri, ƙahwa tai ce ko taki?"

"Ai na san ƙarshen. Zai je ya tarar an rabe, ya yi wayo ya ƙwace na wani."

"Kin sani? To tahi ki kwana da saninki."

Sai in tafi kuwa. Shekara nawa ana haka, ban taɓa raka Kunkuru ƙofar gidan Wuta ba.

Ina aji uku a sakandare zaman garinmu ya gagare mu. Ba sai na faɗi dalili ba, duk ɗan yankinmu ya sani. Muka kwana biyu a Tsafe, muka wuce Gusau. Inna ta bar kaskonta, ta bar rumbunta, amma ta rungumo daron nan a cinya da Maigida a ciki, direba yana ta mita. Ɗaki biyu muka samu a gidan haya, ko'ina siminti, har tsakar gida. Ba inda kunkuru zai sa farce ya tona. Ba mu yi wata huɗu ba hawan jini ya kayar da Inna. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya riƙe. Tana ji, tana gani, amma in ta buɗe baki sai sauti ya fito babu kalma.

Mama tana fita ɗinki tun safe, ni kuma an yi hutun dogon zango. Saboda haka Inna da Maigida duk a hannuna suke lokacin da marka ta sauka.

Kwana biyu da fara ruwa Maigida ya daina yawo. Ya maƙale a bayan ƙofa a kan simintin nan mai sanyi kamar gindin randa. Idanunsa suka kumbura, hancinsa yana fitar da 'yar kumfa, in ya ja numfashi sai ka ji ɗan fito. Na ajiye masa ganyen yakuwa, ko kallo bai yi ba. A ranar ita ma Inna ta rufe bakinta. In na kawo cokalin kunu sai ta kau da kai ta zuba wa bayan ƙofa ido.

"Inna, don Allah ko cokali ɗaya," in ji Mama da ta dawo. "Maganinki ba a shan shi ciki wayam."

Inna ta runtse ido.

Mama ta ja ni waje. "Basira, in abin nan ya mutu a gabanta, bin shi za ta yi. Shi kaɗai ya rage mata na gida. Ki yi wani abu, ke da kika yi boko."

Na yi abubuwa kuwa, duk na banza. Na naɗe shi da bargo, alhali ni da hannuna na rubuta a jarrabawa cewa irinsu ba su da ɗumin jiki na kansu, bargo ba abin da zai riƙe. Na cusa masa tuwo, ya janye kai. Na shafa masa man zafi a hanci, ya shige ƙoƙonsa ya ƙi fitowa wuni guda. Na kira Gwaggo Asabe, yayar Mama da ke aure a Bungudu, na ce me Inna take masa da damina.

Ta ce, "Yo ni ina na sani, Basira? Ɗakinta dai yake kwana. Ku yi mashi addu'a."

A rana ta uku leɓen Inna ya bushe ya tsage, idonta ya faɗa. Ni kuma hankalina ya gama tashi. Na ce ba sanyi ba ne? To ga wuta. Na cika kurfoti da gawayi, na fifita har ya yi ja, na rufe ƙofa da taga ruf, na tura Maigida dab da garwashin. Na ɗora masa hannu don kar ya matsa.

Sai na ji bugu a bayana. Inna ce take dukan tabarma da hannunta na hagu, tana gurnani, hawaye yana bin gefen fuskarta. Na ce, "Inna ki bari mana, taimakonsa nake!" Sai ƙauri ya bugi hancina, irin na ƙonannen ƙaho. Kaina ya fara juyawa, Inna tana tari kamar ranta zai fita. Allah ya kawo Mama a daidai lokacin. Ta banko ƙofa, ta yi waje da kurfotin, ta dawo ta ɗauke ni da mari.

"Kashe su za ki yi duka biyun? Gawayi a ɗaki a rufe?"

Gefen ƙoƙon Maigida ya yi baƙi, faɗin yatsa biyu. Tabon yana nan har yau, kullum sai na gan shi.

Washegari ban taɓa komai ba, tsoron hannuna nake. Bayan magariba aka ɗauke wuta. Kurfoti yana bakin ƙofa da ragowar garwashin girki, ƙofar a buɗe. Ruwa yana ta zuba a kan kwano. Na zauna kusa da Inna da kofin kunun da ya huce sau uku. Maigida yana bayan ƙofa, ba na ma jin fiton nasa sosai. Na rasa ta inda zan ɓullo mata. Sai na tuna da tatsuniya take lallaɓar mu mu sha maɗaci in muna zazzaɓi. Na share hanci na ce, "Ga wata tsohuwa can tafe da sandarta."

Inna ta buɗe ido. Ta yi wani sauti a maƙogwaro, ta shafa tabarma da tafin hannunta.

Na fara. Na kai Kura, na kai Biri, na kai Hankaka, duk a numfashi uku. Da na zo kan Kunkuru na ce, "Sai ya isa gidan Wuta." Inna ta ɗan doke ni a gwiwa. Wato ban isa in tsallake hanyar ba. Na haɗiye haushi na koma. Na hau da shi dutse, na sauko da shi. Na kewaye kududdufi. Har tururuwar na gaisar, ina kuka ina tambayar 'ya'yanta. Na kai shi ƙofar gida, na ce, "Wuta ta ce masa, ka makara. An kwashe harshe, an kwashe garwashi, an kwashe hayaƙi. Babu abin da ya rage sai..."

Na tsaya. Ban sani ba. Tun kafin nan nake tashi kullum.

"Sai me, Inna? Don girman Allah, sai me?"

Bakinta ya karkace, jijiyar wuyanta ta miƙe. Ta yi ta kokawa da harshen nan kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Can ta ce, "Ya... shi."

Wata biyu ke nan ba ta furta kalma ba.

Idona ya faɗa kan tsohon daron, wanda muka mai da wurin zuba wanki. Yashin suyar gyaɗa. Ashe ba ajiya take yi ba, shimfiɗa take masa.

Ko mayafin kirki ban ɗauka ba na fita da bokiti. Akwai tulin yashi a gaban wani ginin da ba a ƙarasa ba a layinmu. Na tona tsakiyarsa da hannu, na cika bokitin, na dawo jiƙe sharkaf. Mama ta juye miya a kwano ta miƙo mini babbar tukunya. A waje, ƙarƙashin rumfa, muka soya yashin nan har ya daina tururi ya koma warawara. Na juye a daro, na kinkimo shi ɗaki, na sunkuci Maigida zan dangwara shi a ciki.

Hannun Inna ya cafke wuyan hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinta ba. Ta ƙi saki sai da na ajiye shi. Sannan ta sa bayan hannunta a yashin, ta janye da sauri, ta girgiza kai.

Muka zauna. Na ce, "Yanzu fa?" Ta taɓa, ta girgiza kai. Na motsa yashin, na fifita, na zagaya ɗaki, na dawo. Ta girgiza kai. Wallahi ji nake kamar in kurma ihu, ga shi yana mutuwa a gabana, ga magani, an ce in jira. Sai a karo na biyar ta nutsa hannunta har wuya, ta bar shi a ciki, ta daɗe, sannan ta dube ni ta lumshe ido.

Na ɗora shi a hankali. Bai motsa ba. Can sai ƙafarsa ta gaba ta fito, ta ture yashi. Ɗayar ma ta fito. Ya yi ta turawa har ya binne rabin jikinsa, ya miƙe wuya ya kwantar a kan ɗumin.

Safe da yamma na dinga suyar yashi. Da hantsi Inna ta nuna mini da hannu in zaunar da shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi, iya gindin ƙoƙonsa, ya tsoma baki ya sha. Ita ma a ranar ta yarda na ɗiga mata ruwa, amma kunu ta ƙi. Sai a kwana na uku rana ta ɗan fito, na kai shi bakin ƙofa inda hasken ya sauka, na ajiye ganyen wake a gabansa. Ya dube shi kamar yana gaba da shi. Ya miƙa wuya. Ya yaga.

Na juya in gaya wa Inna, na tarar ta riga ta buɗe baki tana jiran cokali.

Ta ƙara shekara biyu da mu kafin Allah ya karɓi abarsa, amma maganarta ba ta dawo ba. Bayan rasuwarta na tambayi Gwaggo Asabe yadda tatsuniyar take ƙarewa. Ta ce ita kullum barci yake sace ta tun wajen Biri. Mama ta ce ita lokacin tana wanke-wanke. Sauran jikokin kuwa kowa ya ce ya manta. Wato duk zuriyar Inna Tumba ba wanda ya san abin da Kunkuru ya ce wa Wuta, ko abin da ya faru da gari ya waye. Ni ce na fi kowa sani, kuma kalma ɗaya gare ni.

Ba zan ce na canza ba, har yanzu ni ce mai katse mutane in sun ja zance. Amma na lura duk wanda na taɓa ƙonawa a rayuwata, ina tsakiyar taimakonsa ne. Maigida yana ɗakina yanzu. In marka ta sauka maƙwabta sukan leƙo su ga ina suyar yashi babu gyaɗa, su yi ta dariya. Ba na kula su. In na juye a daro sai in durƙusa in sa bayan hannuna. Sau da yawa nakan ce ai ya yi haka nan, in miƙa hannu zan ɗauko shi. Sai in ji wuyan hannuna ya yi nauyi, daidai inda ta riƙe. Sai in koma in zauna.