Yatsan Gwaggo

Idan an taɓa gayyatarka bikin manya a Abuja, wayarka ta gaya maka lambar teburinka tun kafin ka bar gida, to wataƙila aikin Mashkura ne. Ni Fiddausi, ni ke ƙawata zauren biki a kamfanin Hajiya Bara'atu da ke Maitama, kuma na daɗe ina kallon yarinyar nan har abin ya fara ci mini rai.

A Paikon Kore, wani ƙauye kusa da Gwagwalada, aka haife ta. Mahaifinta Bakatsine ne da ya zo sarin doya, ya ga ƙasa mai kyau ya zauna. Da ya rasu, yayarsa Hajiya Bara'atu ta ɗauki nauyin karatun Mashkura har ta gama kwamfuta a jami'a, sannan ta ba ta ɗaki a bayan gidanta, jikin na janareta. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha wannan tarihin kafin a kawo masa ruwa.

Mashkura ce ta gina wa kamfanin shafin tsara wurin zama. Ga tebura a jere a kan allon kwamfutar hannu, ga hoton kowane baƙo a ɗan kati. Ka ɗora yatsa ka ja katin zuwa teburin da kake so, ka saki. In ka gamsu, sai ka danna katin, nan take saƙo ya tafi wayar mutumin. A bikin Abuja kuwa, tebur ba wurin cin abinci ba ne kawai. Shi ke gaya wa mutum matsayinsa, kuma kowa ya iya karantawa.

Ana haka wani kamfani a Gwagwalada, mai haɗa manoma da masu saye, ya kira ta aiki. Da ta karɓa, da kullum a gida za ta kwana, kusa da mahaifiyarta da ciwon ƙafa ya zaunar. Amma wadda aka yi wa karatu ba ta ɗaukar jaka ta fita haka nan, sai an sallame ta. Ta durƙusa gaban Hajiya ta roƙa.

“Ba zan hana ki ba,” in ji Hajiya. “Ki gyara min abin nan yadda zan iya shi ni kaɗai, shi ke nan, Allah ya yi miki albarka.”

Ranar na ga haƙoran Mashkura gaba ɗaya.

Sai ga wani babban biki. Hajiya ta zauna tana gwada hannunta. Tana son buɗe wuri a teburin gaba, sai ta ja katin uwar ango ta ajiye shi na ɗan lokaci a teburin ƙarshe, wanda ke bakin ƙofar kicin. Tana ɗaga yatsa saƙo ya tafi. Kafin la'asar dangin ango sun ce a fasa komai. Sai da Hajiya ta je da kanta da turamen atamfa ta ba da haƙuri, ta dawo kamar za ta ci mutum.

Mashkura ta yi mini bayani tana share hawaye. Idan aka ja kati, yana bin yatsa ne. To da aka saki, sai shafin ya ga a kan kati ɗaya aka ɗora yatsa, a kansa aka ɗaga, sai ya ɗauka dannawa aka yi bayan jan. Maganin, in ji ta, shi ne a koya wa shafin auna motsi: in yatsa ya yi tafiya, ja ne, a yi watsi da dannawar da ta biyo baya.

Ta gyara, amma ba ta yi lissafi da hannun gwaggonta ba. Hajiya ba ta rabuwa da ɗanyen lalle da zobba, don haka da gaɓar yatsa take taɓa allo, tana magana a waya, tana nuna mini labule da ɗaya hannun. Dannawarta ma tafiya take yi. Sai shafin ya koma haɗiye saƙonnin da take son aikawa, baƙi suka yi ta tsayuwa a ƙofar zaure ba su san inda za su nufa ba. Mashkura ta sassauta awon, ƙananan jan Hajiya suka koma dannawa. Ta matse, saƙo ya daina fita.

Sai ta sa shafin ya riƙa tambaya kafin ya aika: Kin tabbata?

“Ni?” Hajiya ta cire tabarau. “Ni wannan abin zai tambaya ko na tabbata? A gidana? Cire min shi yanzu-yanzu.”

“Gwaggo, don kariya ne…”

“Na ce ki cire.”

Kafin a gama gyara, Hajiya ta samo nata maganin. Mashkura ta zauna a kan kafet kusa da ƙafarta da allon a cinya, Hajiya kuma tana nunawa da baki: ja wancan, kai shi can, danna. Ba kuskure ko ɗaya. Mutanen Gwagwalada suka kira, Mashkura ta ce su ƙara mata lokaci. Suka sake kira. Mahaifiyarta, da ita ma ba ta isa ta ɗaga ido a gaban yayar mijinta ba, kullum maganarta ɗaya ce: “Ki yi haƙuri, ki rabu da ita lafiya.”

Yarinyar ba ta karaya ba, wannan kam na shaida. Ta raba katin biyu: gefe ɗaya na ja, da ɗan mariƙi kamar na kofi, ɗaya gefen babban maɓallin aikawa da ba ya jin ja ko kaɗan. Na gwada da gaɓar yatsa, na gwada da jiƙaƙƙen hannu, har da gwiwar hannu don mugunta. Ko gezau. Ta kai wa Hajiya, Hajiya ta ɗan taɓa ta ture, ta ce har yanzu yana mata gardama.

Ran nan na shigo falo da samfurin furanni, Mashkura ta tafi sallah. Na tarar da Hajiya da allon a hannu, tana jan kati tana dannawa, tas-tas, har da ɗan murmushi. Ta cika teburin gaba ba tuntuɓe. Tana jin takun Mashkura ta ajiye allon a kujera ta kama duba lallenta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja Mashkura bayan gidan, bakin janareta inda ba mai jin mu, na zayyana mata abin da na gani.

Ba ta ko yi mamaki ba.

“Na sani, Anti Fiddausi. Shafin yana nuna mini duk lokacin da aka yi aiki da shi. Ta daɗe da iyawa.”

“To me kike jira?”

“Jira nake ta ce ta iya da bakinta. Ni ba zan iya ce mata ta iya ba.” Ta gyara mayafinta. “Mutanen Gwagwalada ma sun ɗauki wani.”

Daga falo muka ji muryar Hajiya: “Mashkura! Zo ki ja min wannan, abin naki ya ƙi.”

“Ga ni nan, Gwaggo,” ta amsa, ta wuce ni ta shiga.