Taksin Kawu a Cikin Ordinatar

Ni malamar lekol ce, faransanci nake koyarwa, kuma kafin bara ban taɓa yin wasan ordinatar, wato kwamfuta, ba, balle in ƙirƙiri wani. Wata tsohuwar ɗalibata ce ta ja ni. Ta ce wasu matasa sun shirya taro a wani babban ɗaki wajen Gaweye, nan Yamai, daga Juma'a zuwa Lahadi. Za a raba mutane ƙungiya-ƙungiya, kowace ta haɗa ɗan gajeren wasa mai labari, irin wanda mai wasa yake zaɓar abin da zai faɗa ko hanyar da zai bi. Ta ce masu zane sun samu, masu ordinatar sun yi yawa, mai labari ne babu. Na ce in dai labari ne a ajiye mini kujera. A girki ba na cika baki, amma a labari ban san tsoro ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka faɗi abin da kowa zai yi wasa a kansa, wato saƙo. Nan take ɗaki ya kaure da surutu. Wasu za su yi wayar da ta ɓata, wasu ɗan leƙen asiri, wasu aljani mai aike daga ƙasan kogi. Mu uku ne a ƙungiyarmu: ni, da ɗalibar tawa, Bazabarma mai zane wadda ta koyi Hausa a rumfar uwarta a Petit Marché, da wani dogon saurayi mai haɗa komai a ordinatar, wanda ko cewa ka yi rana ta fito sai ya leƙa taga tukuna. Ban bari sun fara shawara ba. Na ce ina da saƙo, kuma saƙo ne da ba a faɗa.

Ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, mahaifina ya rasu, da hantsi, ba tare da doguwar jinya ba. A wurinmu ba a faɗa wa mutum rasuwa a tsaye ko a kan hanya. Cewa ake jiki ya yi tsanani, a ɗauko shi a kai shi gida, a zaunar da shi cikin ƴan'uwa, sannan babba ya buɗe baki. Wanda aka aika ya ɗauko ni shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban taksi da ya zo Yamai daga wajen Tahoua tun yana saurayi. Ya tsaya a ƙofar aji ya ce, “Babanki jiki ya ɗan motsa, ana biɗarki gida.” Daga nan har unguwarmu Talladjé ina tambaya yana amsawa. Ya ci abinci? Ya ɗan taɓa. Yana magana? Yana hutawa. Sai da muka karya kwanar gidanmu na ga tabarmi a waje.

Kafin wannan rana, kawu shi ne abokin hirata a duk dangi. Bayanta sai ya koma gaisuwa kawai, ido a ƙasa. In zan je wani wuri ya tura mini wani direba. Da na yi aure ya yi hidima kamar zai karye, amma bai zauna kusa da ni ba. Mahaifiyata ce ta faɗa mini dalili: wai ya ce ya dubi idon ɗiyar ƴar'uwarsa ya yi mata ƙarya, ba za ta ƙara yarda da maganarsa ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ni ban taɓa riƙe shi da komai ba sai godiya. Amma yaya ɗiya za ta zaunar da kawunta ta tayar da zancen mutuwar ubanta? Na sha ɗaura niyya, kunya ta kwance. Shekaru suka yi ta tafiya, gemunsa ya yi fari, ni kuma na soma tsoron kada ɗayanmu ya tafi da maganar a ciki.

Ban faɗa wa yaran duk wannan ba. Na ce kawai mai wasa shi ne direba, yarinya tana kujerar gaba, aikinsa ya kai ta Talladjé ba tare da ta ji a hanya ba. Duk tambayar da ta yi, ya zaɓi amsa.

Dogon saurayin ya ture kujera baya. “Madam, wannan ai koya wa mutane ƙarya ne. Mu yanzu a waya muke ganin rasuwa, da hoto da komai.”

Na ce, “Shi ya sa kuke zubewa a bakin titi ba mai riƙe ku.”

Ya yi dariya amma bai sauka ba. Ya ce ya ji, al'ada ce, sai dai wasan da ba ya barin mutum ya yi abin da aka hana shi ba wasa ba ne, wa'azi ne. Dole a kowace tambaya a sa maɓallin faɗar gaskiya, wanda ya danna ya ga abin da zai biyo baya. Na buɗe baki zan yi masa irin ta aji, sai na ga yaron yana da hujja. Ina son gardama, amma na fi son wasan ya yi kyau. Na ce a sa.

Ranar Asabar muka duƙufa. Mai zane ta fitar da taksi mai jan kai, da masu tura baro a bakin kasuwa, da rompuwan, wato shataletalen da motoci suke cukuɗewa. Ta zana direban da ƙaton ciki, na sa ta rage, na sa ta ƙara masa hula. Da yake ba kowa ke karanta Hausa ba, muka yanke a ɗauki murya. Ni na yi yarinyar, saurayin ya yi direba, yana kwaikwayon bakin Tahoua har sai da mai zane ta ƙware da shayi. Da azahar kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya, aka fita inuwa ana cin kopto, kwaɗon zogale, a leda ana zagin zafi. Ni na koma gefe na rubuta abin da yarinyar za ta ce in an danna maɓallin gaskiya. Bai ɗauke ni lokaci ba, tun ina lise nake da amsar. Da na karanta a makirfo, saurayin ya saurara har ƙarshe, ya saka muryar a wurinta cikin wasan, bai kawo gardama ba. A wurinsa wannan yabo ne.

Lahadi da la'asar aka buɗe ƙofa, iyaye da abokai suka shigo gwada wasanni. Na aljanin kogi ya fi jan yara, kuma gaskiya ya yi kyau. Namu sai a zauna ana dariyar muryar direba, a tashi shiru. Ni dai hankalina yana ƙofa, domin tun da safe na kira kawu na ce ina da kaya masu nauyi, kuma ba na son wani direba sai shi. Ya ce to.

Ya iso ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makulli a hannu. “Ina kayan?”

Na ce, “Kawu, zauna tukuna ka ga aikin da na yi.”

“Ni mi na sani ga wannan abu?”

“Tuƙi ne. Wa ya fi ka?”

Saurayin ya ja masa kujera, ya nuna masa yadda ake saurarar amsoshi da inda ake dannawa. Taksi ta tashi daga ƙofar lise. Muryata ta fito, siririya, tana tambaya ko baba ya ci abinci. Na ga bayan wuyan kawu ya ƙage. Bai waiwayo ba. Ya saurari amsoshin ɗaya bayan ɗaya, ya danna “ya ɗan taɓa”. Aka wuce kasuwa. Ya danna “yana hutawa”. Duk abin da ya faɗa mini a wancan hantsi, shi ya sake zaɓa, ba tare da ya yi kuskure ko sau ɗaya ba.

A rompuwan yarinyar ta ce, “Kawu, kai ka gan shi da idonka?”

Hannunsa ya tsaya. Ya tambayi saurayin, “Wannan na ƙasa, da nike tsallakewa, in na taɓa shi hwa?”

“Za ka gaya mata ya rasu, Baba.”

Kawu ya daɗe yana kallon yarinyar da aka zana. Sannan ya danna.

Direban cikin wasa ya faɗi maganar. Sai muryata ta ce, “Na sani, kawu. Tun da muka taso mutane suke ɗaga maka hannu, ba ka tsaya ka ɗauki kiliyan ko ɗaya ba. Na gode da ka zo da kanka. Ka kai ni gida.”

Taksin ta ci gaba da tafiya a allon har Talladjé. Kawu ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Sai a lokacin ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, yadda rabon da ya yi tun ina ɗaliba.

Ya ce, “Ashe kin sani.”

Na ce, “Na sani.”

“To don mi kika yi ta tambayata, ɗiyata? Kowace tambaya kamar ana yanka ni.”

Na ce, “Don ka yi ta magana ne, kawu. Muddin kana amsawa, ina da sauran uba har mu kai gida.”