Mayen Ƙarfe da 'Ya'yan Maƙeri

Shekarar da gero ya bushe a tsaye a Hamdara ina 'yar shekara bakwai. Kaka Mariyama ke riƙonmu, ni da ƙannena biyu. In an yi magariba sai ta hura wuta da kara, ta ɗora tukunya, ta ce tuwo na tafe, a ji gatana tukuna. Ruwa ne zalla a tukunyar. Na sani, ni ke ɗebo shi.

"Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?"

"Mu ne, Kaka!"

"Ku da ko kaza ba ku iya tarewa?"

Wai an yi wani gari da rijiyarsa ta yi zurfi har hannu ya kasa jan guga. A garin akwai maye, amma ba ya cin kurwa, ƙarfe kawai yake ci. Sai 'ya'yan maƙeri mata biyu suka lallaɓa yana barci, suka ɗaura masa igiyar guga a ƙugu. Babbar ta kaɗa munduwarta ta ƙarfe a gindin tsamiyar bakin rijiya. Maye ya zabura ya bi ta. Da ya kusa cafke ta sai ta jefa wa ƙanwarta munduwar can bayan itacen, ya wuce da gudu. Haka ya yi ta zagaye, igiya na naɗuwa a jikin tsamiya, guga na hawowa.

"Kaka, ya kama su?"

"Saura ƙiris."

"To tuwon fa?"

"Kai da tuwo kamar kun yi alkawari! Shi ma saura ƙiris."

Ban taɓa jin ƙarshenta ba. Barci ke riga mu.

Bana fari ya same ni a Gidimuni da goyo a baya. Tafki ya ja, ƙaramin moter ɗin da ke jawo wa garkar albasarmu ruwa da batir ya ƙone. In albasar nan ta mutu, sai dai mu ɗaura kaya mu bar garin. Maigidana ya taɓa zama wajen wani Bakano mai gyara a Zango, sai ya buɗe shi, ya nuna min baƙaƙen ƙarafa biyu a ciki, ya ce mayen ƙarfe ke nan. Na ce a'uzu billahi! Ya yi dariya. Ya ce maye na jan bobin, wato naɗin wayar tagulla, amma da ya kusa riƙe shi sai kuran, wato wutar batir, ya juya fuska, jan ya koma gaba. Nan take na ji muryar Kaka.

Ya zana lissafi a ƙasa: yawan zagayen waya sau ƙarfin kuran, shi ne ƙarfin jan. In zagaye ya yi kaɗan waya ta yi zafi, in ya yi yawa wuri ya kasa. Bobin ɗin ƙafa uku gare shi, kowace zagaye tamanin. Ni ya ba naɗin, don yatsuna sun saba da kitso.

Biyu na yi yadda ya nuna. A ta uku 'yata Zara ta fara kuka, hankalina ya rabu, hannuna ya koma yadda Kaka ta koya min naɗa zare a mazari. Da aka haɗa batir, moter ya yi ta karkarwa kamar mai masassara, bai juya ba.

"Maman Zara, wane hannu kika bi?"

Na duba, ashe ta ukun baibai na naɗa ta. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Da can na ɗauka gatanar yabon wayo ce. Yanzu na gane Kaka ba ta taɓa cewa an kashe mayen ba. Ba a kashe shi, sai dai a hana shi cafka, yau, gobe kuma a sake, har ruwa ya hawo.

Albasa ba ta iya wuce kwana biyu babu ruwa. Waya kuwa ita ke nan gare mu, siririya kamar gashi, in ta tsinke babu wata. Ina warware ta ukun a hankali don in sake naɗawa. Na sauke zagaye hamsin da uku. Ya Allah, ka riƙe min sauran.