Ranar da Iya ta Fito da Baffa Zaure

Har gobe in na ji ƙararrawar keke a lungu sai na tuna masinjan kotun da ya yi ta sintiri ƙofar gidanmu a Dala, wata damina, ina 'yar shekara tara.

Ɗan maƙwabtanmu ne ya banke wata tsohuwa da babur, ta karye a ƙugu, ya tsere. 'Yan sanda suka tarar da wani mai ga-ruwa, baƙo daga ƙauye, tsaye a kanta da kurarsa, suka yi gaba da shi. Baffana, ƙanen mahaifina, tela ne, shagonsa na kallon wurin, komai a idonsa aka yi. Mai ga-ruwan ya faɗa wa alƙali haka, sai aka aiko wa Baffa sammaci ya je ya ba da shaida.

Ka san gidajen cikin birni, baƙo namiji iyakarsa zaure. Da wannan aka fake. Baffa ya rufe shago ya shige cikin gida, mazan unguwa suka haɗa baki wai ya yi tafiya. Ni aka riƙa turawa wurin masinja. Sau biyu ina fita na ce ba ya nan, bawan Allah ya goge ruwan sama a fuskarsa, ya mai da takardar cikin leda, ya juya. Har wani daɗi nake ji, wai ni na iya aike.

Kakarmu, da muke kira Iya, an ɓoye mata zancen, don uwar yaron aminiyarta ce tun suna amare. A zuwan masinja na uku tana tankaɗe a bakin soro, ta ji ni.

"Ke, wa kika ce ba ya nan? Wanda ke shan kunu a ɗakina aljani ne?"

Na fashe da kuka na zayyane mata komai. Ta karkaɗe garin hannunta, ta yafa mayafi, ta tsaya a kan Baffa.

"Iya, ɗan aminiyarki ne fa," in ji shi. "In na yi magana, ina za mu sa kanmu a unguwar nan?"

"Shi wanda ke tsare ba uwa ce ta haife shi ba? Sa hularka."

Ta kama hannunsa, magidanci mai 'ya'ya uku, ta ja shi har zaure. Ta ce wa masinja, "Malam, ga shi. Ka yafe mana. Ƙaryar da yarinyar nan ta yi maka, manya ne suka sa ta."

Baffa ya ba da shaida, aka saki mai ga-ruwa, yaron ya karɓi hukuncinsa. Aminiyar Iya kuwa ba ta sake taka gidanmu ba. Ko a biki suka haɗu sai ta kau da kai, har ta koma ga Allah. Ranar rasuwarta Iya ta wuni a ɗaki tana hawaye, amma ban taɓa jin ta ce da na sani ba. Wallahi ina alfahari da tsohuwar nan.

Yanzu a rediyo ake ta bayanin doka: wanda ya ɓoye mai shaida, ko ya tare ɗan sanda, ko ya hana motar kwana-kwana wucewa, zai gamu da hukunci. Ya yi kyau. Sai dai zauruka sun zama shaguna, ƙaryar kuma ta koma waya, mutum na kwance a ɗaki ya ce yana Abuja. 'Ya'yana suna tsokanata wai a gidana ba a ɓuya, ban kuma musa musu ba. Bara da aka zo neman autana kan wani faɗa da aka yi a gabansa, ni na miƙo masa hularsa.