Baƙin Kan da Na Ba Kawu

Injin ban-ruwan da mahaifinmu ya bar mana a fadamar Zauro ya girme ni. Mai kai biyu ne, wato murfin ƙarfen nan da ke rufe saman fistan, wanda makanikai ke kira tof. Ɗaya kore, ɗaya baƙi mai ƙusumbi, kuma tun ina yaro wannan rashin dacewar ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mutum ne da ko hula ba ta dace da riga ba sai in fasa fita.

Ranin farko bayan rasuwarsa, mun gama dashen shinkafa ke nan injin ya fara tari. Na ɗora shi a mota zuwa wajen wani makanike a Birnin Kebbi don a sauya ringin fistan. Da na gan shi a kwance gunduwa-gunduwa, sai na ce tunda an taɓa, a gyara har da abin kunyar nan. Na yi kwana biyu ina bin 'yan gwangwan a Argungu har na samo koren kai, sak ɗan'uwansa. Baƙin kuwa na bar wa kawuna masunci, wanda ya ce yana da amfani da shi. Ban ko tambayi amfanin ba.

Aka ɗaura, aka tayar. Injin ya yi ta ƙwanƙwasa yana zafi, ya ƙone gasket ɗin da ke tsakanin kan da jikinsa, ya mutu. Aka sa sabo, ya sake ƙonewa. Ga shinkafa can ta kwana shida ba ruwa, ƙasa ta fara tsagewa. Na zazzage wa makaniken duk baƙar maganar da ke bakina, ya je ya kira tsohon maigidansa.

Tsohon ya shafa saman injin da yatsa, ya dube ni.

"Ɗana, ina baƙin kan?"

Na ce ai ba nasa ba ne.

"Wa yac ce nashi na? Gehen ga ya taɓa cin wuta, munka goge shi hay yar rage tudu. Ni da babanka munka gwada kai huɗu kahin mu samu mai zurhin da yad dace. Wanga mai kyawon naka matse histan ya kai."

Haushi ya kama ni, kuma haushin da ba ka da wanda za ka ɗora wa ya fi ciwo. Na hau babur sai Argungu. Na iske kawu a bakin gulbi, ya nuna mini igiyar da ta nutse daga goshin kwalekwalensa.

"Ga shi can ƙasa. Tun da nike su ban taɓa samun abin da ar riƙe jirgi awa shi ba."

Sai da na roƙe shi kamar ba ni na ba shi ba, kafin ya jawo shi, duk laka da tsatsa. Wankewa da gogewa suka ci wasu kwana biyu. Aka mayar da shi mazauninsa, bugu ɗaya injin ya tashi.

Ruwa ya isa Zauro, amma fegin da ke tudu ya riga ya ƙone, kuma shi ne wanda mahaifiyarmu ke ci daga gare shi. Na je na faɗa mata, ina ta kame-kame da zancen fistan. Ta bari na gama, sannan ta ce:

"Babanka ma yana da ido. Ya hi son shinkahwa ta yi kore bisa ga injin."