Yadda Na Sa Aka Rage Wa Motar Ɗana Tsayi

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda wannan takarda za ta iske. Ni tsoho ne daga wani ƙauyen Hausawa a kudancin Jazira, can kudu da Hartum, ba nisa sosai da garin Hajj Abdalla. Karatuna bai wuce allo da 'yan shekaru a makarantar gwamnati ba, don haka a yi mini haƙuri da rubutuna. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, 'yan shekaru kafin wannan yaƙi da ya tarwatsa mu, na haura sittin da biyar. Na yi shekara talatin ina tuƙa lori, ina kwasar auduga zuwa Madani, ina ɗauko dawa daga Damazin. Da na ajiye tuƙi na koma hawashata, wato gonar ban-ruwa da na gada, amma duk wanda injinsa ya yi tari a ƙauyenmu ƙofata yake fara zuwa. Na saba a tambaye ni, ban saba in tambayi kowa ba.

Ɗana na fari yana aiki a Saudiyya. Ni kuwa ina cikin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari yadda muka iske iyayenmu suna yi. Ban taɓa kiran sunansa ba, yaron nan nake cewa. In ya shigo gaisuwa nakan amsa ina kallon wani wuri, in ina da saƙo uwarsa nake ba. Da yawa daga cikin sa'o'ina sun saki wannan al'ada, ni kuwa har alfahari nake yi da ita.

Uwar tasa, mai ɗakina Hajiya, tana da ciwon suga, ga gwiwoyi da suka gaji. Wani gyambo ya fito mata a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu ya ƙi warkewa, likita ya ce kowane mako a kai ta Hajj Abdalla a wanke a sake ɗauri. A bayan boksi take zuwa, irin motocin ɗaukar kaya da fasinja, tana dawowa a jigace. Wannan ne ya sa yaron ya zo hutu da wata babbar mota baƙa, irin ta manyan mutane, doguwa kamar an ɗora ta a kan dandamali. Na leƙa ƙarƙashinta ban ga sifirin ko ɗaya ba. Wasu jakunkunan roba ne cike da iska suke ɗauke da ita, ɗaya a kowace taya. Ranar da zai ba ni makullin, maƙwabta sun cika ƙofar gida. Ya durƙusa a gabana ya fara bayanin wasu maɓallai da ke kusa da giya. Na ji nauyin a ce ɗan cikina yana koya mini mota a gaban mutane, sai na katse shi, na ce ina kan sitiyari tun kafin a yaye shi. Aka yi dariya. Ya sunkuyar da kai ya miƙo makulli. Da zai koma ya bar wa uwarsa saƙo cewa in wani abu ya shige mini duhu a kira shi.

Tun tafiyar farko muka ga matsala. Hajiya ba ta iya ɗaga ƙafa ta kai ga shiga. Sai an ajiye mata bambar, 'yar kujerar nan ta saƙa, ta taka, ni ina tallabe da ita ta baya. Tana yi tana tsokanata, wai ni da ɗana mun haɗa baki mun sayo mata bene, wai ko hawan raƙumi a zamanin ƙuruciyarta bai kai wannan wahala ba. Wata rana a ƙofar asibiti kujerar ta goce, ta faɗo zaune, ƙaurinta ya bugi ƙarfen ƙofa. Mata suka taru a kanta. Dariya ta riƙa yi don kada su ga ƙwallar da ta cika mata ido, amma ni na gani. A hanyar dawowa ta ce ko in bar ta ta kira yaron ta tambaye shi in akwai wata dabara. Na ce kada ta kuskura, mota ba ta taɓa gagara ta ba.

Na kwana biyu ina nazarin motar. Na lura in an loda mata buhuna takan nutsa kaɗan, sai a ji tana huci, ta tashi ta koma daidai inda take. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashinta, na ga a kusa da kowace taya akwai wani siririn ƙarfe, tsawonsa bai wuce yatsa da rabi ba, yana haɗe da wani ɗan akwati baƙi. Nan na gane da waɗannan take auna tsayinta. In aka canza tsawonsu za ta zaci ta yi sama da yawa, ta saki iska da kanta. Wallahi na fito daga ƙarƙashin motar nan ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa.

Na kai ta garejin wani tsohon abokina a Hajj Abdalla, wanda muka yi tuƙi tare shekaru masu yawa. Ya saurare ni ya girgiza kai. Ya ce irin waɗannan motoci suna da ƙwaƙwalwa, ba lorin auduga ba ne da za a zare masa ganyen sifirin, kuma shi bai san su ba, ni ma ban san su ba. Ya ce tsakanina da mai motar waya ce kawai. Na ce masa ban zo neman wa'azi ba. Ya zolaye ni da cewa tsufa ya ƙara mini taurin kai, na zolaye shi da cewa tsufa ya ƙara masa tsoro, a ƙarshe dai zumunci ya sa ya ɗauko kayan walda. Muka gyara ƙarafan nan huɗu. Da na tayar da ita, ta yi dogon huci ta sauka kamar faɗin tafin hannu. Yana wanke hannu ya ce mini in tuna yanzu rani ne, damina na nan tafe. Na ja motar na tafi.

Ba zan ɓoye ba, watanni biyar da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na yi a aurena. Hajiya takan dafa ƙofa ta shiga da ƙafarta ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ta daina zama a baya, ta dawo gaba kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara arba'in da 'yan kai. In an gama ɗauri mukan tsaya wurin wata mai jabana, wato gahawa, a bakin kasuwa, ni in sha da sukari, ita babu, tana harara ta. A hanya takan nuna mini gonaki tana faɗin na wane ne, da 'yar wa ya aura, da abin da aka yi a bikin. Ta ce motar ta ɗan ƙara jijjiga, amma ba komai. A majalisa ana ce mini motata ta koma kaza mai kwanci, ina dariya. Gyambon ma ya fara haɗewa.

Sai ruwa ya sauka. Wanda ya san ƙasar Jazira ya san baƙar lakarta. Hanyarmu ɗaya ce, a kan gaɓar tur'a, babbar magudanar ban-ruwa, kuma in damina ta yi nisa taraktoci kan haƙa ta gida biyu, su bar tudu a tsakiya. Wata safiya Hajiya ta tashi da zazzaɓi, ƙafar ta kumbura ta yi zafi, ɗaurin ya jiƙe. Na ce ba ma jiran ranarmu, yanzu za mu tafi. Mun yi kamar rabin hanya muka zo wani wuri kusa da 'yar gada inda tudun ya fi tashi. Ga sawun boksi sabo, ya wuce da safiyar nan lafiya lau. Na saka tayoyina a sawunsa. Sai na ji cikin motar ya zauna a kan tudu. Maimakon in tsaya, na taka mai yadda na saba yi wa lori. Wani abu ya tsinke a ƙasa, iska ta riƙa fita da ƙara, motar ta kwanta gaba ɗaya a cikin laka.

Na ari fartanya wurin wani manomi na yi ta haƙa, daga baya na koma yi da hannu. Hajiya tana daga ciki, jikinta na rawa, amma ita ce take kira na in zo in sha ruwa, in bar wahalar da kaina. Babu motar da ta biyo, da ma ta biyo ba ta da wurin wucewa, don tawa ta toshe hanya. Bayan azahar hadari ya haɗo. Wani mai karo, keken jaki, ya ce gaba ba ta yiwuwa, amma zai iya mai da mu gida. Haka na rufe ta da leda na riƙe kanta a cinyata har ƙauye. Kwana uku ana ruwa, ko tarakta ba ta fita. A rana ta huɗu aka fitar da mu a tirelar tarakta. A asibitin Hajj Abdalla suka duba suka tura mu Madani, a can aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitan ya ce mini irin wannan ciwo yakan ci ƙafa ko an zo da wuri. Na gode masa, amma ni na ga sawun boksin nan da idona.

Yaron ya zo a cikin mako. Ina tsaye a bayan ƙofar ɗakin asibiti na ji uwarsa tana gaya masa ruwa ne ya tsare mu, babansa ya yi iya ƙoƙarinsa, har farcensa ya cire wajen haƙa. Ba ta ambaci gareji ba. Na yi kwana goma sha biyar ina fakewa a bayan maganarta, ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Da aka sallame mu, aka jawo motar gida, wata safiya na same shi tsaye a gefenta yana kallon ƙasanta. Na kira shi da sunansa, karo na farko tun da aka raɗa masa shi. Ya juyo a firgice. Na gaya masa komai, ban sa abokina a ciki ba don shi tun farko ya yi ƙoƙarin hana ni taɓa motar. Ya goge fuska da hannun riga ya ce Allah ya riga ya rubuta.

Ya sa aka kawo kayan gyara daga Hartum aka mai da ita yadda take. Ranar da aka gama na ce masa ya nuna mini abin da na hana shi nunawa. Ya shiga ya danna maɓalli ɗaya. Motar ta yi huci ta durƙusa a hankali, ƙasa da inda na sa aka kai ta. Ya danna wani, ta tashi sama fiye da ranar da ya kawo ta, ya ce wannan na laka da ramuka ne. Sannan ya ce, "Baba, saboda gwiwar Inna na zaɓi wannan motar. Abin da na durƙusa in faɗa maka ke nan ran nan." Na zauna a ƙasa a wurin.

Da yamma na shiga wurin Hajiya na roƙe ta gafara. Ta daɗe tana gyara mayafin da ta rufe dungulmin da shi, sannan ta ce, "Alhaji, na yafe tun muna kan karo. Watannin nan da na riƙa zama kusa da kai, kai ka ba ni su, ba zan manta ba. Amma da ka bar ni na kira yaron." Ba ta sake tayar da maganar ba har yau.

Motar ta tafi a cikin wannan fitina tare da dukiyar mutane da yawa, kuma ban yi kukanta ba. Abin da na koya shi ne niyya mai kyau ba ta hana ɓarna. Don ƙaunar matata na taɓa motar nan, amma don girman kaina na ƙi tambaya, kuma ita ta biya da ƙafarta, ba ni ba. Ban ce kunyar ɗan fari laifi ce ba, iyayenmu sun yi ta da mutunci. Ni ne na mai da ita wurin ɓoye jahilcina. Ina kira ga tsofaffi irina, musamman waɗanda suka ƙware a wata sana'a: kayan yanzu ba irin namu ba ne, kada ku sa guduma ko walda a kan abin da ba ku sani ba, kuma in ɗanku ya buɗe baki zai yi bayani ku bar shi ya kai ƙarshe, ko da duniya ce ta taru tana kallo. Ku mata kuma, in kun ga maigida ya kafe a kan abin da ya shafi lafiyarku, ku yi kiran ko bai so ba, fushinsa zai wuce.

Yanzu kowace asuba ni nake kai mata ruwan alwala, ni nake ɗaura mata ƙafar roba. Har yau ban iya ɗaurin sosai ba, takan ce na matse ko na sassauta, in kwance in sake. Duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, Allah ya ba ta lafiyar ɗaya ƙafar.